Tambaya: kamun soja ne ya haifi 'yan hipi a Amurka, kuma ina tawayen nasu ya tahi?

Ɗan_Bagalam:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina da tambaya ga manyanmu masu sanin tarihi. Jiya da dare a fadarmu gardama ta sarƙe kan Muhammad Ali, wani abokinmu ne ya nuna muna bidiyo a waya inda aka ce ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam har aka ƙwace mishi kambun dambe, sai fada ta rabu biyu, wasu na cewa jarumi ne wasu na cewa wanda ƙasarshi ta kira ya ƙi zuwa matsoraci ne ko da kuwa duniya duka yake bugewa.

Ni abin da ya tsaya min a rai ba Ali ne kaɗai ba. A cikin bidiyon an nuna samari da 'yan mata cunkus, dogon gashi, tufafi barkatai, wasu na ƙona takardun kiran soja a bainar jama'a, wai su ne 'yan hipi. To yaya ake ɗibar sojan ma tukuna, kowa ake ɗauka ko ɗiyan talakawa ne kawai? Tsoron yaƙi ne ya maida su haka ko dai lalacewar ɗiyan masu kuɗi ce aka yi ma ado da siyasa? Kuma waɗannan samarin ai su ne sunka tsufa sunka mulki Amurka, amma ban ga alamar sun daina yaƙi ba, to ina tawayen ya tahi? Da gaske nike tambaya, don mu ma nan Sahel zancen ɗibar matasa ba nisa gare shi ba, kowa ya ji dokar da Burkina ta yi a 2023.

Mushe_mai_ritaya:

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ta yi kyau kuma na ji daɗi fada na gardamar irin wannan ba ƙwallo kaɗai ba. Tarihi na koyar har na aje alli, bari in ba ka abin da na sani.

Dokar Amurka ta lokacin ta ce duk namiji da ya kai shekara 18 ya je ya rubuta sunanshi wurin hukumar ɗibar soja. Hukumar na da ƙananan kwamitoci wajen 4,000 cikin garuruwa, dattawan gari ne ke zaune cikinsu, kusan dukansu farar fata, su ke cewa wane ya tahi wane ya zauna. In an ɗauke ka shekara 2 za ka yi, kuma in rabonka ya faɗa Biyetnam shekara guda ce cur a can. Da farko abin bai dami mutane sosai ba. Amma daga Maris 1965 da sojan Amurka sunka sauka Da Nang sai lissafi ya canza, ƙarshen shekarar nan suna da soja wajen 184,000 a can, zuwa 1969 sun haura 540,000. Bakin yaƙi ba ya ƙoshi, a 1966 kaɗai samari sama da 380,000 anka ɗiba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Samarin da shekarunsu sunka kai lokacin yaƙin sun kai wajen miliyan 27, amma waɗanda anka ɗiba da tilas wajen miliyan 2 ne. Ke nan mafi yawa ba su tahi ba, sai ka tambayi su wa sunka tsira kuma ta wace ƙofa. Babbar ƙofa ita ce jami'a. Muddin kana karatu ana ba ka takardar jinkiri, ka gama lisans ka shiga wani karatun a sake ɗage maka, har shekarunka su wuce. Wata ƙofar likita ce, wanda ubanshi ke da likitan gida sai a rubuto mishi takardar ciwon baya ko asma ko ciwon ƙafa. Wata kuma shiga rundunar tsaron cikin gida, wadda da wuya a kai ta fagen daga, kuma samun wuri cikinta sai da hanya. Yaron da ya bar lakwal ya kama aikin masana'anta ko gona ba shi da ko ɗaya cikin ƙofofin nan. A 1966 ma sakataren tsaro McNamara ya sassauta jarrabawar shiga soja don a kwashi waɗanda da can ake cewa ba su cancanta ba, mutum sama da 300,000 anka shigar ta wannan hanya, galibi talakawa, baƙar fata da yawa cikinsu, kuma sun mutu fiye da sauran. Wannan abu har yau in na tuna shi raina ɓaci yake.

A nan Ali ya shigo. Ranar 28 ga Afrilu 1967 a Houston anka kira sunanshi ya ƙi takowa gaba, ya ce addininshi bai yarda ba kuma ba shi da rigima da mutanen Biyetnam alhali a gida ne ake wulaƙanta baƙar fata. Kotu ta yanke mishi shekara 5 da tarar dala 10,000, bai shiga kaso ba don ya ɗaukaka ƙara, amma an hana shi dambe sama da shekara 3 lokacin yana kan ganiyar ƙarfinshi, sai a Yuni 1971 kotun ƙoli ta wanke shi. Ka faɗa ma abokanka da sunka ce matsoraci ne su yi lissafi, mutum mai suna kamar nashi da ya yarda ya sa kaki da wuya a kai shi bakin wuta, wasan dambe za a sa ya riƙa yi ma soja, ƙin da ya yi shi ne hanya mai tsada.

Zancen hipi kuwa, ba kamun soja ne ya haife su ba kai tsaye. Ɗiyan bayan yaƙin duniya na biyu ne, an haife su da yawa, sun tashi cikin wadata, sun cika jami'o'i, sun ga gwagwarmayar baƙar fata ta su Martin Luther King sun koyi zanga-zanga a can, kuma sun gaji da rayuwar iyayensu ta aiki da tara kaya. Ko babu yaƙi da an yi dogon gashin da kiɗan da shaye-shayen. Abin da kamun soja ya yi shi ne ya ba abin haƙora. Yaron da takarda ke iya zo mishi gobe a ce ya je ya kashe ko a kashe shi, siyasa ta daina zama hira gare shi. Shi ya sa ƙona takardar ya yawaita har majalisa ta maida shi laifi a 1965, dubban samari sunka ƙetara Kanada, kuma kowane dare gidaje na kallon gawawwaki a tele.

Da ƙorafi ya yi yawa kan rashin adalcin sai shugaban ƙasa Nixon ya kawo tombola. Ranar 1 ga Disamba 1969, kai tsaye a tele, anka zuba ranakun shekara 366 cikin tulun gilashi ana zarowa ɗaya ɗaya, don samarin da anka haifa daga 1944 zuwa 1950. Ta farko da ta fito 14 ga Satumba ce. Wanda ranar haihuwarshi ta samu ƙaramar lamba ya san ya tahi, an kira har lamba 195, wanda ke sama da haka ya kwana da daɗi. Ka duba, abokai biyu ɗaki guda, dare guda ya raba rayuwarsu.

Hajiya_ta_Zariya:

Mushe Allah ya saka da alheri, wallahi ina karantawa ina jin kamar labarin gidanmu kake badawa. Ɗan_Bagalam ƙanena, ba sai ka je Amurka ba, tambayi tsofaffin gidanku zamanin Nasara. Faransa ta ɗibi soja a ƙasashen nan da tilas, tun yaƙin duniya na farko, a 1918 Blaise Diagne, ɗan Senegal da ke majalisar Faransa, ya zagaya Afirka ta Yamma ya tara mata mutum sama da 60,000, kuma daga 1919 ta maida abin doka ko babu yaƙi, shekara 3. Kumandan ba ya shiga ƙauye da kanshi, adadi yake aza ma sarki, sarki ya aza ma mai gari, to kai a ganinka mai gari ɗanshi zai bada? Ɗan mara gata ake badawa, maraya, ɗan baƙo, wanda ubanshi bai da bakin magana a fada. Daidai da abin da Mushe ya ce na jami'a da takardar likita, sai dai mu namu babu ko tombolar.

Kakana na wajen uwa mutumin wani ƙauye ne kudu da Madarumfa. Shi da bakinshi ya sha faɗa muna in anka ji labarin masu ɗibar soja ko aikin tilas na tahe, samari sai su sulale da dare su ƙetara wajen Jibiya, ƙasar Ingilishi, su zauna wurin dangi sai ƙura ta lafa, wasu kuma ba su sake dawowa ba shi ya sa har yau muna da 'yan uwa can. Ita ce Kanadarmu. Shi ya gudu, ƙanenshi bai gudu ba anka kama shi, daga baya ya zarce da aikin sojan don babu abin da zai dawo ya taras, har sunka kai shi Andoshin, wato Biyetnam ɗin nan dai kafin Amurka ta shigo, lokacin Faransa ce ke yaƙin har anka karya ta a Dien Bien Phu a Mayu 1954. Ya dawo da rai amma bai dawo daidai ba. Ba shi son hayaniya, ba shi barci sosai, mutane na ce mishi taɓaɓɓe, matar da anka yi mishi baiko kafin ya tahi ya iske ta da ɗiya a gidan wani. Kuma abin takaici kuɗin fansho da Faransa ke ba su ta daskarar da shi da dokar 1959, Bafaranshen da sunka yi rami guda yana amsar ninkin ba ninkin nashi, sai a 2007 anka fara daidaitawa, lokacin shi ya daɗe a ƙasa.

Tsakanin kakana da ƙanen nan nashi akwai wani abu da bai taɓa warkewa ba har sunka mutu. Ba faɗa suke ba, suna gaisawa suna cin tuwo tare, amma ɗaya na ganin an bar shi ya ɗauki kayan gida duka, ɗayan kuma kunya ta hana shi ko tambayar abin da ya faru can. To ina jin haka Amurkawan nan sunka kasance, miliyoyinsu.

Abu guda da nike so ku riƙa tunawa, duk hirar nan ta Ali da hipi ta Amurkawa ce, an ce sojansu 58,000 da 'yan kai sunka mutu kuma kowane an rubuta sunanshi jikin bango a Washinton. Mutanen Biyetnam fa? Gwamnatinsu ta ce wajen miliyan 3 ne, soja da farar hula. Su ma samarinsu ɗibarsu anka yi, kudu da arewa, kuma su babu wata Kanada kusa. Uwayensu mata ne nike tunani.

Lissafi227:

Gaisuwa ga Mushe da Hajiya. Ni tattalin arziki na karanta, kuma da izininku zan ɗan saɓa ma hoton da bidiyo irin wanda Ɗan_Bagalam ya gani ke nunawa, don yana sa mutum ya ɗauka duk matasan Amurka hipi ne. Ba haka ba ne sam. Babban taron kiɗansu na Woodstock a Agusta 1969 mutum wajen 400,000 ne, ka aza shi kusa da miliyan 27 ɗin da Mushe ya faɗa, maza kaɗai ma. Kuma ƙuri'un jin ra'ayi na lokacin sun sha nuna cewa matasa sun fi tsofaffi goyon bayan yaƙin, abin mamaki amma haka yake. Masu kyamara sun fi son mai dogon gashi ne kawai.

A siyasa kuwa, in gaskiya ake so, 'yan hipi kayar da su anka yi. Rikicin da anka yi da 'yan sanda wajen taron jam'iyyar Democrat a Shikago a 1968 ya tsorata mutane sunka zaɓi Nixon. A Nuwamba 1969 ya yi jawabi ya ce shi yana tare da mafi rinjaye masu shiru, wato ma'aikacin da ɗanshi ke Biyetnam yana kallon ɗan jami'ar da ya tsira yana ƙona tuta. Ranar 4 ga Mayu 1970 sojan tsaron gida sunka harbe ɗalibai 4 a jami'ar Kent, bayan kwana huɗu magina a New York sunka fito sunka lakaɗa ma ɗalibai masu zanga-zanga duka. Talakan da ya fi kowa cutuwa da kamun sojan shi ne ya fi jin haushin masu adawa da shi, saboda yana ganin raini a ciki. A 1971 an sauke shekarun zaɓe zuwa 18, kowa ya ce matasa za su kada Nixon, 1972 ta zo ya cinye jiha 49 cikin 50 kuma wajen rabin matasan shi sunka zaɓa. Reagan ma da alkawarin ladabtar da ɗaliban jami'ar Berkeley ya ci zaɓen gwamnan Kalifoniya a 1966, ya ƙare da cin zaɓen shugaban ƙasa a 1980. Rabuwar nan ta masu coci da tuta gefe guda, 'yan jami'a da manyan birane gefe guda, da ita Amurka ke zaɓe har gobe.

Ga amsar tambayarka ta ƙarshe abokina. Clinton da Bush ƙarami da Trump duk a 1946 anka haife su, dukansu tsaran yaƙin ne, babu wanda ya taka Biyetnam. Clinton karatu ya kare shi sannan ya samu babbar lamba a tombola, Bush ya shiga rundunar tsaron gida ta Texas, Trump jinkirin karatu sau 4 sannan takardar ciwon ƙafa. Biden ma jinkirin karatu da asma. Dick Cheney, mataimakin Bush, wanda ya tura yaƙin Iraƙi sau 5 anka ɗage mishi. Waɗanda sunka je kuwa, Al Gore ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa a 2000, John Kerry ya faɗi a 2004, John McCain da ya yi sama da shekara 5 a kason Hanoi ya faɗi a 2008. Ko ɗaya cikin waɗanda sunka yi Biyetnam bai hau kujerar ba.

Kuma tombolar nan ta ba masu bincike dama da ba a cika samu ba, tunda sa'a ce ta raba mutane ba arziki ko ilimi ba, sai a iya auna abin da sojan kanshi ya yi musu. Joshua Angrist, wanda ya samu kyautar Nobel a 2021, ya bi albashinsu ya gano farar fata da sunka yi sojan suna samun wajen kashi 15 cikin 100 ƙasa da tsaransu, shekara goma bayan sun dawo. Ga ƙwaya da wasu sunka koyo can, ga ciwon da maganin kashe daji da anka fesa ya bar musu, ga ciwon firgita da likitoci ba su ma amince da shi a hukumance ba sai 1980.

Baba_Ali_Ɗan_Sofo:

Jikata ce ke rubuta min, ni ido ya yi rauni. Na ji ana zancen zamaninmu na ce sai na sa baki.

Lokacin muna kwaleji nan Maraɗi akwai wani Ba'amurke ɗan Corps de la Paix, ƙungiyar masu aikin sa kai ta gwamnatin Amurka, da ke koya muna Ingilishi, ai tun 1962 suke zuwa Nijar har 2011 da anka kwashe su. Saurayi ne, gashi har wuya, takalmin fata irin na kasuwa, yana shan fura yana jin Hausa har da karin magana. Mu muna ganin duk Nasara mai mulki ne, shi wannan a tabarma yake zama. Wata rana munka tambaye shi mi ya kawo shi wannan rana tamu ya baro ƙasar daɗi, ya ce muna gara ya koyar da ɗiyan mutane da ya je ya harbe su, kuma muddin yana nan kwamitin garinsu na ɗaga mishi ƙafa. Yana da aboki da sunka tashi tare wanda anka kashe can, in ya zo zancenshi sai ya yi shiru ya canza magana. Don haka ɗana Lissafi, na yarda da ƙididdigarka amma kada ka ɗauka duk masu gudun nan 'yan jin daɗi ne, wannan dai na gan shi da idona kuma bai ji daɗin tsirar da ya yi ba.

Mu ma iskar ta taɓa mu amma fatarta kawai. Wando mai faɗin ƙafa, gashi a tara shi tuli, faifan James Brown, suna Ali a bakin kowa balle da ya kada Foreman a Kinshasa a 1974, ranar nan garin nan kamar salla. Daga baya kuma masu dogon gashin Turai sunka riƙa ƙetaro hamada ta Tamanrasset da Arlit da Agadas da tsofaffin Peugeot suna saidawa. Iyayenmu na cewa mun lalace. Amma mu babu mai kiranmu yaƙi, abin da ya dame mu yunwa ce, farin 1973 da 1974, shi ya kawo Seyni Kunce ranar 15 ga Afrilu 1974. Ku lura shi kanshi Kunce sojan Faransa ne da ya yi Andoshin da Aljeriya, wato abin da Hajiya ta faɗa bai tsaya a ƙauye ba, ya hau har kujerar mulki, waɗanda bariki ya rena su sunka riƙe ƙasashen nan. Kuma ya san haɗarin matasa in an bar su sake, sai ya tayar da Samariya ya sa mu ciki, aikin gayya, wasanni, kowa da unguwarshi. Mun yi aiki na gaske ban musu ba, amma babu mai cewa uffan.

Tawayen matasanmu na siyasa sai a lakwal ya fito, wajen 'yan USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 anka harbe ɗalibai 3 a gadar Kennedy a Yamai, kuma jinin nan ne ya buɗe hanyar taron ƙasa na 1991. Da na ji Lissafi na faɗin ɗaliban Kent sai gadar nan ta faɗo min. Waɗanda sunka yi jagorancin ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago lokacin su ne sunka zama ministoci da shugabanni daga baya, kowa ya ga yadda ta kasance, wasu sun riƙe amana wasu sun manta.

Amma in kuna neman abin da ya raba uba da ɗa a garin nan kamar yadda hipi ya raba gidajen Amurka, ni a ganina Izala ce, kuma ba da zagi ko yabo nike faɗi ba. An kafa ta a Jos a 1978, ta shigo muna ta hanyar kasuwanci da Najeriya. Saurayi ya ce ba ya duƙa ma kowa, ba ya kashe dukiya wajen biki da suna, matarshi za ta je makaranta, ya canza tufafi ya bar gemu ya canza masallaci. Na ga gidajen da uba ya daina cin abinci da ɗanshi saboda haka. Hanyar daban ce da ta hipi nesa ba kusa ba, su sun saki, namu sun ƙara ɗaurewa, amma ciwon cikin gida iri guda ne, yaro ya dubi ubanshi ya ce yadda kuke yi ba daidai ba ne.

Ɗan_Bagalam:

Kai, na gode ƙwarai iyayena, Baba Allah ya ƙara lafiya, Hajiya labarin kakanninki ya taɓa ni. Zan karanta ma 'yan fada duka yau. Saura guda Mushe, in dai yadda Lissafi ya ce ne an kada su a zaɓe, ke nan zanga-zangar banza ce? Kuma yaya anka yi kamun sojan ya ƙare?

Mushe_mai_ritaya:

Ba banza ba ce ɗana, a nan ni da Lissafi mun ɗan rabu. Gaskiya ne ba su ci zaɓe ba, amma sun sa yaƙin ya yi ma 'yan siyasa tsada. Shugaba Johnson da ya faɗaɗa yaƙin ya fito ranar 31 ga Maris 1968 ya ce ba zai sake takara ba, bayan harin Tet, babban farmakin da 'yan kwaminis ɗin Biyetnam sunka kai farkon shekarar, ya nuna ƙaryar cewa nasara ta kusa. Ranar 15 ga Oktoba 1969 da anka yi zanga-zangar ƙasa baki ɗaya ba hipi kaɗai sunka fito ba, har uwaye da malaman coci da ma'aikata. Sannan sojan da sunka dawo da kansu sunka shiga, a Afrilu 1971 ɗaruruwansu sunka jefar da lambobin yabonsu gaban majalisa, wannan kuwa babu mai iya ce musu matsorata. A 1973 majalisa ta yi dokar taƙaita ikon shugaban ƙasa na shiga yaƙi, shugaba Carter kuma washegarin rantsar da shi a Janairu 1977 ya yafe ma waɗanda sunka guje ma kiran.

Kamun sojan Nixon ne ya kashe shi, kuma da wayo ya yi. Tun kamfen ɗin 1968 ya yi alkawari, don ya gane in ɗan jami'a ya daina jin tsoron takarda zai koma aji. Haka kuwa anka yi, da kiran ya ragu zanga-zangar ta yi sanyi tun yaƙin bai ƙare ba, a 1973 anka rufe ɗibar, Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu da Amurka ke mara ma baya, ta faɗi 30 ga Afrilu 1975. Wannan ne ke damuna in na zo wurin. An cire zaluncin tilas, madalla, amma yanzu sojan Amurka na aiki wajen miliyan 1.3 ne cikin mutum sama da miliyan 330, galibi daga gidaje da yankunan da aikin soja ne hanyar samun albashi da karatu, sai ga shi sun yi shekara 20 a Afganistan mafi yawan gidaje ba su san ana yi ba. Talakan dai shi ke tahiya, sai dai yanzu an ce da son ranshi.

Game da abin da ka ce na Sahel, ni ba na cewa ƙasa ba ta da haƙƙin kiran ɗiyanta in wuta ta taso, tana da shi. Abin da zan tambaya duk ranar da anka zo da zancen shi ne wa zai rubuta sunayen, ɗan minista da ɗan alhaji na ciki ko babu, kuma mi anka tanadar ma wanda ya dawo ba ƙafa da matar wanda bai dawo ba. Ko a Amurkar ma ba a rushe hukumar ba, Carter ya maido da rajista a 1980, har yanzu sunan duk namiji daga shekara 18 zuwa 25 na shiga kundinta.